Mashigin Gidanmu

Kwanan baya ina zaune a rumfar mai shayi ta bakin gada, na tashi daga aiki ke nan, sai na ji wani matashi ɗan kabu-kabu yana gaya wa abokansa cewa mu masu fito mun daɗe muna cin banza. Wai mutum ya zauna cikin jirgi iska tana kaɗa shi, ya soka gora a ruwa sau goma, a miƙo masa kuɗi. Ko bai san ina bayansa ba, ko ya sani, oho. Ban tanka ba, don bakina cike yake da burodi, kuma ba ɗana ba ne balle in ja masa kunne. Amma maganar ta bi ni har gida. Shi ya sa na ce bari in faɗa muku yadda aikin yake, ku da kuke kallon siminti a kan Gulbin Rima kamar da shi aka halicce shi.

Sunana Garba. Tungarmu tana ƙetaren gulbi, in ka fito daga Wurno. Tun kakan kakanmu mashigin nan a hannun gidanmu yake. Yayana Umaru shi ne Sarkin Fito bayan rasuwar mahaifinmu, ni kuma ina biye da shi da gora, shekara arba'in da wani abu.

Ku fara da jaki, tunda kun ce aikin ba wuya. Jaki ba ya shiga jirgi da lalama, ko da kai ka raine shi. Sai an rufe masa ido da tsumma, mutum ɗaya ya ɗaga ƙafafun gaba ya ɗora a ciki, biyu su tura ta baya, mai shi yana gefe yana rantsuwa cewa jakinsa ba ya harbi. Duk wanda ya rantse haka, ka matsa gefe. In ya shiga, a kwantar da shi a tsakiya a ɗaure ƙafafun, don in ya miƙe a tsakiyar ruwa kowa zai yi wanka da kayansa. Raƙumi ba ya shiga, iyo yake yi a bayan jirgi, kana riƙe da akalarsa kana ɗaga masa hanci. Shanun Fulani ba ruwanka da su, makiyayin kawai za ka ɗauka, ya zauna a ƙarshen jirgi yana kiransu da sunayensu, su biyo muryarsa. Babur kuma a kashe masa makunnin mai, a kwantar da shi a kan buhu. Buhunan albasa da tafarnuwa a ƙasa, a tsakiya, a jere su ta yadda tsakanin bakin jirgi da ruwa zai rage yatsa huɗu. In ya zama uku, ka sauke buhu ɗaya, ko da mai albasar zai zage ka har kakanka. An zage ni har kakana ya fi a ƙirga.

Damina uku na yi ina kwasar ruwa da ƙoƙo daga cikin jirgi kafin Baba ya bar ni na taɓa gora. A cikin shekarun nan uku ba tuƙi yake koya mini ba, kallo yake koya mini. Inda ruwa ya kwanta sumul kamar an zuba mai, nan ne zurfi. Inda ya yi ƙananan tattara, rairayi ne a ƙasa, jirgi zai dafe. In ya yi ja da safe, an yi ruwan sama can wajen Goronyo, kafin azahar zai ƙaru. In ka ga kumfa da karan dawa suna tahowa, ɗaure jirginka ka ba mutane haƙuri. Kuma ba a nufar gaɓar da za a sauka kai tsaye. Sai ka bi gefe ka hau sama da nisa, sannan ka saki jirgin, ruwan da kansa ya kawo ka inda kake so. Wanda ya nufi gaɓa kai tsaye, a garin wasu yake sauka.

Ranar da aka fara ba ni gora, mata bakwai na ɗauko sun dawo daga kasuwa. A tsakiyar gulbi na soka gorar da ƙarfin samartaka, ta nutse a laka ta ƙi fita. Maimakon in sake ta, sai na rungume ta. Jirgi ya wuce da matan, ya bar ni a maƙale a kan gora kamar ƙadangare, ƙafafuna suna lilo. Baba yana can ƙarshen jirgi da filafili, bai ko ɗaga murya ba. Sai da ya kai matan gaɓa, ya sauke su da ƙwaryoyinsu, sannan ya dawo ya ɗauke ni. Abin da ya ce kawai shi ne, "In gora tal liƙe, sake ta. Gora akwai wata gida. Kai kau in ka tahi, mi za ni ce ma uwakka?" Matan nan sun yi shekara goma suna tambayata ko na sauko.

Akwai ƙa'idar da Baba ya fi tsananta mana a kai fiye da tuƙin kansa: ba a karɓar kuɗin fito sai ƙafar mutum ta taka ƙasa a ɗaya gaɓar. Ko mutum ya miƙo tun kafin ya shiga, sai ka ce ya riƙe. Na taɓa karɓa sau ɗaya a hannun wani falke mai sauri, Baba ya sa na bi shi cikin jirgi na mayar masa a gaban jama'a. Ya ce, "Wanda yash shiga jirginka, amanar ranshi yab ba ka. In ka amshi kuɗɗinai nan, ruwa sunka ci shi tsakiya, ladan wane aiki za ka ce kac ci?" Haka muka taso. Mutanen yankin nan duk sun san da haka, ba mai zura hannu aljihu sai ya ji rairayi a ƙafarsa.

Ku kuna zaton mummunar shekara ga mai fito ita ce ta ambaliya. A'a. Ambaliya tana da ban tsoro, amma akwai aiki. Mummunar shekara ita ce wadda ruwa bai zo ba. Na ga guda ɗaya ina magidanci. Gulbin nan da kuke gani ya koma rairayi, sai ɗan zirin ruwa da ko ɗan akuya zai tsallake. Muka ja jiragenmu uku zuwa wani gurbi da ya rage, muka cika su da duwatsu muka nutsar da su, don katako in ya sha rana tsagewa yake yi. Muka zauna a ƙarƙashin giginya muna kallon mutanen da muka yi shekaru muna ƙetarar da su suna wucewa da ƙafa, takalma a hannu. Wasu su gaishe mu, wasu su sunkuyar da kai kamar sun yi mana laifi. A shekarar nan na yi ƙodago a gonakin Lahodu, na yi dakon itace har Marnona. Amma ko a lokacin ban ruɗe ba. Na san abin da ya same mu: ruwa ne bai zo ba, kuma wanda ya hana shi zai sake shi. Damina ta zagayo, muka tsamo jiragen, muka toshe su da tsumma da kwalta, muka koma aiki.

Ruɗewa sai da gada ta zo.

An tara mu a ƙofar hakimi wata safiya. Ga wasu mutane masu hular kwano da babbar takarda sun shimfiɗa a kan tabarma. Suka ce za a yi gada a daidai mashiginmu. Yaya Umaru a lokacin ƙafafunsa sun fara ba shi wahala, don haka ni ne bakin gidanmu. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, gadag ga ta gwamnati ta?"

Babbansu ya ce a'a, kamfani ne zai yi ta da kuɗinsa.

Na ce, "Wa ak kamfani?"

Ya ce mutane ne da yawa suka haɗa kuɗi, har da banki.

Na ce, "To ina suke, mu tai mu gaishe su?"

Aka yi dariya, har da hakimi. Ni kuwa ba wasa nake ba. A saninmu duk abin da ke bakin ruwa yana da mai shi, wanda za ka je ƙofarsa ka cire takalmi. Mutumin ya yi mini bayani a hankali, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce kamfanin zai riƙa karɓar kuɗi a hannun masu wucewa har ya mayar da abin da ya kashe ya sami riba, sannan gadar ta koma ta gwamnati. Da ya faɗi yawan shekarun, na dubi tsofaffin da ke zaune a wurin, na ga babu wanda zai ga ranar. Ya kuma ce a cikin yarjejeniyar, in an buɗe gada, ba sauran fito a wannan yanki. Na so in tambaye shi gulbin kansa na wa ne yanzu, amma na ga an riga an yi mini dariya sau ɗaya.

Hakimi, Allah ya saka masa, shi ya tsaya kai da fata cewa ba za a kori gidan da ya riƙe mashigi tun kafin a haifi kakansa a bar su hannu wofi ba. Aka yi ta kai da komo, daga ƙarshe kamfani ya yarda da gurbi ɗaya. Mutum ɗaya daga gidan Sarkin Fito zai zauna a ɗakin karɓar kuɗi, ya riƙa ɗaga sandar ƙarfen da ke tare hanya. Gurbi ɗaya, ga gida mai magidanta goma sha ɗaya. Samarinmu suka watse, wasu kabu-kabu, wasu Legas. Yaya Umaru ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Garba, kai za ka zamna wurin ga. Sanda ta ko gora ta, ban damu ba. Abin da niƙ ƙi shi na a ce mashigin ga ya hita gidanmu muna da rai." Na ce masa in Allah ya yarda ba zai fita a hannuna ba.

Kada ku ɗauka ina ƙin gadar. Na ga albasar da da take kwana biyu a gaɓa tana jiran jirgi tana wucewa cikin ƙiftawar ido. Na ga malaman makaranta suna zuwa ƙauyukanmu a tsakiyar damina, abin da ba a taɓa yi ba. Gada alheri ce. Ni dai kaina ne bai ɗauki tsarinta ba.

Aka ba ni riga mai ruwan ɗorawa, aka ba ni ɗaurin tikiti, aka nuna mini allo mai hotuna: babur kaza, ƙaramar mota kaza, bas kaza, babbar mota kaza. Mai tafiya a ƙasa ba ya biya. Nan na fara tsayawa. A jirgi, mutum shi ne abin biya, don shi ne mai rai, shi za a tambaye ka in ya salwanta. A nan kuma mutum kyauta ne, ƙarfe ne mai daraja. Na tambayi manajanmu, wani matashi mai suna Bashiru daga birnin Sakkwato, jaki fa? Ya duba allo, ya duba takardarsa, ya ce jaki ba ya ciki. Har yau jaki ne kaɗai ya ci ribar gadar nan ba tare da an rufe masa ido ba.

Ɗakin karɓar kuɗin ɗaya ne, kuma a bakin gada ta wajen tungarmu aka gina shi. Wanda ya taho daga Wurno sai ya gama haye gadar ya iso gare ni, ya biya. Wannan daidai ne, haka Baba ya koya mana. Amma wanda zai tafi daga wajenmu fa? Ranar farko ta faɗo ranar kasuwa. Babura da motocin albasa suka yi layi. Na farko ya miƙo kuɗi, hannuna ya ƙi. Na ɗaga sanda na ce, "Riƙe, in ka sabka ka biya." Na biyu ma haka. Na bar sandar a sama, ina ta ɗaga musu hannu ina yi musu fatan sauka lafiya. Ban tsaya na tuna cewa a can ɗaya bakin babu kowa ba. A jirgi ai ni da na ɗauke ka ni zan sauke ka.

Abin da ya tona ni shi ne mutanenmu ma sun saba. Sun isa can, sun tsaya, hannu a aljihu, suna neman wanda za su ba. Da ba su ga kowa ba, wasu suka juyo da baburansu suka dawo su biya ni, suka yi karo da masu tafiya, motar albasa ta tsaya a tsakiya ta rasa gaba ta rasa baya. Gadar da aka buɗe jiya da tambura ta cushe kamar ƙofar gidan biki. Bashiru ya iso a guje, gumi har cikin kunne.

"Baba Garba, mi kay yi haka?"

"Ca niy yi su biya in sun sabka."

"Baba, ba haka aka yi ba. Sai an biya a hau."

"To in gadat ta karye da shi tsakiya hwa?"

Ya ce gadar ba za ta karye ba, injiniyoyi sun gwada ta. Na ce mu ma ba mu taɓa shiga jirgi da niyyar ya kife ba. Yaron nan yana da tarbiyya, bai ɗaga mini murya ba. Ya nuna mini wani ɗan baƙin abu kamar idon kifi a saman ɗakin, ya ce kyamara ce, duk abin da ya wuce tana gani, kuma can ofishin kamfani ake kallo. Na ce wa ke kallo? Ya ce shi ma bai taɓa ganinsu ba, saƙo kawai suke turo masa a waya. Wannan ne gargaɗi na farko. Daga ranar na koyi karɓa kafin a hau, amma sai na riƙa cewa "Allah shi sabke ku lahiya" da ƙarfi, ko hakan zai rage wani abu.

Bayan kamar wata biyu, da hantsi, wata ƙaramar mota ta taho daga ƙauyukan bayanmu tana ta hon. A baya mace ce kwance a jikin tsohuwa, tana cizon gyale. Ban tambayi kowa ba, na ɗaga sanda. A gidanmu mutum biyu ba a karɓar musu kuɗin fito ko ana yunwa: mai naƙuda da gawa. Mai naƙuda don ba a tsayar da ita, gawa kuma don ta gama biyan abin da za ta biya a duniya, masu rakiyarta ma ba a karɓa. Baba ya taɓa tashi daga kan tuwo ya ƙetarar da gawar mutumin da suka yi shekara ba sa magana, ya dawo ya tarar tuwon ya huce, bai ce uffan ba. Wannan ba alfarma ba ce da za a gode maka, haka mashigi yake.

Washegari Bashiru ya zo da wayarsa a hannu, fuskarsa ba daɗi. Ya ce an ga mota ta wuce ba tikiti. Na gaya masa dalili. Ya ce wallahi ya gane, kakarsa ma 'yar bakin gulbi ce a wajen Rabah, amma wannan gargaɗi na biyu ne, kuma a dokarsu na uku sallama ce. In aka sallame ni, gurbin ba zai koma gidanmu ba, ɗan kwangila za a kawo daga birni. Na roƙe shi ya rubuta musu maganar mai naƙuda da gawa. Ya rubuta, a gabana. Bayan sati biyu amsa ta zo: motar asibiti mai jiniya ba ta biya.

Na ce, "To wadda ba ta cikin mai jiniya hwa?"

Ya ce ita mota ce kawai.

Na yi ta juya maganar nan a kaina kwana da kwanaki. Gawa a cikin farar mota mai kuka gawa ce. Gawa a cikin bas ɗin haya ba gawa ba ce, bas ce. A ƙauyukanmu wa ke da mai jiniya? Na ce to shi ke nan, in irin haka ta taso sai in biya musu daga aljihuna, kowa ya huta. Bashiru ya ce ai ba a shiga ɗakin da kuɗin aljihu, shi ya sa kullum da safe ake sa ni in ajiye nawa a akwati a ofis. Ni da na ɗauka don kada a sace mini ne.

Ranar da abin da nake gudu ya faru Talata ce, bayan azahar, rana ta ɗan karkata. Na hango bas ta hawo gada daga wajen Wurno, a hankali, ba hon, ba waƙa. Tun daga tafiyarta na gane. An cire kujerun baya, maza a zaune a gefe da gefe sun sunkuyar da kai, a tsakaninsu tabarma a naɗe. Da ta tsaya a gaban sanda na ga ɗan Malam Isa a gaba, idanunsa jajir. Malam Isa manomin shinkafa ne a ƙauyen da ke bayan tungarmu, na san an kwantar da shi asibiti. Na ce, "Ya cika?" Ɗan ya ce, "Da hantsi, Baba. Muna son a rufe shi kahin la'asar." Na yi masa ta'aziyya ta taga.

Direban ya miƙo kuɗi.

Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon hannun nan ba. Na ji idon kifin a saman kaina kamar zafin rana. Na tuna Yaya Umaru a ɗakinsa. Igiyar sandar tana hannuna na hagu, ja ɗaya ne kawai. Gawar nan ta riga ta ƙetare ruwa, ta iso ƙasarsu, ni ne kaɗai tsakaninta da kabarinta. Ina cikin wannan sai na ga hannuna na dama ya karɓa. Ya yaga tikiti, ya miƙa. Sannan na hagun ya ja igiya.

Na jira a zage ni. Da an zage ni da na ji sauƙi, wallahi. Amma ɗan Malam Isa sai ya leƙo ya ce, "Allah shi saka da alheri, Baba. Da dauri na, da yanzu muna can gaɓa muna jiran jirgi." Bas ta wuce. Babu wanda ya waiwayo, babu wanda ya ga an yi wani abu. Yaron bai ma san akwai abin da aka hana shi ba. Na zauna a kan kujerar roba, kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, kuma na rasa wanda zan ji kunyarsa. Da yamma Bashiru ya zo ya ce yau aikina ya fita tsaf, ba ko kuskure ɗaya.

Ban iya zuwa jana'izar ba, don ba a barin sanda. Da na tashi na wuce ɗakin Yaya Umaru kafin in shiga gidana. Yana zaune a kan buzu, ƙafafun a miƙe sun kumbura kamar turmi. Na gaya masa duka, ban rage komai ba. Ya ci gaba da jan tasbaharsa.

Can ya ce, "Ka ba su takarda?"

Na ce na ba su.

"Mi anka rubuta bisa?"

"Bas."

"Ba a rubuta gawa ba?"

"A'a, Yaya."

Ya gyaɗa kai. "To ga bas kak karɓa." Na san don ya sanyaya mini rai ya faɗa, shi ma ya san na sani. Ya ce na yi abin da ya sa ni, mashigi yana gidanmu, kada in sa wa kaina damuwa. Na tashi zan fita, har na kai ƙofa, ya kira sunana.

Ya ce, "Garba, likita ya ce in koma, wanga karon kwantar da ni za su yi. In ajalina ya ishe ni can, ka hwaɗa ma yara kar su biyo da ni ranar da kake bisa aiki. Su jira ka tashi. Ba don ni ba, ni na gama. Hannunka nika jin tausai."

Na ce masa ya bar wannan magana, zai warke ya dawo da ƙafafunsa. Ya ce amin.

Yau kwanansa tara a asibiti a Wurno. Jiya da dare na je duba shi, bai gane ni ba sai da na faɗi sunana sau biyu. Gawa ba a ajiye ta jiran wani ya tashi aiki, shi ma ya sani, shi da ya ƙetarar da ɗaruruwa. Wata hanyar kuma babu. Jirginmu na ƙarshe yana bayan gida a kife, ya tsage tun daga kai har gindi, kaji ke kwana a ƙarƙashinsa. Na roƙi Bashiru ya canza mini lokacin aiki, ya ce abokin canjina ya tafi gida matarsa ta haihu, sai ƙarshen wata zai dawo.

Don haka kullum ni ne a wurin, daga safe har magariba. In bas ta hawo daga wajen Wurno, ba na duban lambarta ko direbanta. Tafiyarta nake kallo, ko da sauri take ko a hankali.